Wanda Ya Ce Yana Tsoro, Shi Zai Wanke Mota

Shekarun baya kaɗan, lokacin da kasuwar yuraniyam ta faɗi aka shiga sallamar ma'aikata a Arlit kamar ana kakkaɓe tabarma, yayana yana cikin waɗanda aka kakkaɓe. Ɗan wan mahaifina ne, amma a ɗakin mahaifiyata ya tashi, don haka Yaya nake ce masa. Da aka ba shi kuɗin sallama bai tattara ya koma Damagaram kamar sauran ƴan garinmu ba. Ya kwashi kuɗin kaf ya sayi wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin mai shiga rairayi da duwatsu, ya ce ya kafa kamfani. Za mu riƙa ɗauko tumatir da albasa da kwambitar, wato dankalin Turawa, daga garaken Abzin, mu kawo wa matan kasuwa da masu dafa wa ma'aikata abinci.

Dabarar ba ta da laifi, gaskiya. Fari ya ci ƙasa, rijiyoyi sun yi nisa, duk wanda ya shigo gari da ɗanyen kaya kafin ya sauke an saye. Amma ku riƙe abu ɗaya tun yanzu: motar nan ita ce kamfanin. Bayan ita ba mu da komai sai tebur da ƴan kujeru da wani gareji na haya. In ta tafi, mun tafi.

Ni a lokacin na gama kwaleji, takardata tana kwance a akwati, mahaifina ma sallamar ta taɓa shi. Yaya ya ce in zo in zama sakatariya. Mu huɗu ne. Shi, ni, abokinsa Ba'adare wanda suka yi aikin ramin ma'adinai tare, shi ke kula da sayarwa, sai direbanmu, wani dattijo Ba'abzine mai rawani, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba sai a ranar da zan ba ku labarinta.

Kafin a sallami Yaya an taɓa tura shi wani ɗan horo inda wani Bature ya koya musu shugabanci. Ban san abin da Baturen ya faɗa ba. Na dai san abin da Yaya ya dawo da shi. Na farko, shugaba ba ya nuna tsoro. Na biyu, kamfani sabuwar tukunya ce, abin da ka fara dafawa a ciki shi za ta riƙa ƙamshi har ta fashe. Shi kuwa ƙarfin zuciya ya ce zai dafa. Ya ɗinka mana shuɗɗan riguna irin na ma'aikatan ma'adinai, har da aljihu a ƙirji, mu masu sayar da albasa. Ya hana ni kiransa Yaya a wurin aiki, sai dai Patron, wato maigida da Faransanci.

"A gida Yaya, a nan Patron."

"To in Inna ta aiko ni da tuwonka nan fa?"

"Tuwon Patron ne."

Kowace safiya akwai reniyo, wato taro, kuma a tsaye, wai zama yana kawo lalaci, alhali kujerun ma ba su ishe mu ba. Zai dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Akwai matsala?" Kai kuma ka ce, "Babu matsala, Patron." Ku da kanku kun san halinmu, mutum ko ƙafarsa na ruɓewa, ka ce masa ina kwana, lafiya lau zai ce maka. To wannan gaisuwar Yaya ya ɗauka ya mai da ita tsarin aiki. Sannan ya ɗora doka a kai: duk wanda ya ce "ba zai yiwu ba" ko "ina jin tsoro", shi zai wanke mota a ranar. Da farko abin dariya muka ɗauke shi. Ba'adare ya taɓa wanke ta don kawai ya ce ruɓaɓɓen tumatir ba zai sayu ba, yana wankewa yana zagin tumatir da wanda ya shuka shi.

Ana nan sai tawaye ya kunno kai. Hanyar Agadas ta koma sai da rakiyar soja, motoci su taru su jira ranar tafiya. Hanyar duwatsu kuwa, wajen Iferwan inda garakenmu suke, babu mai raka ka sai Allah. Labari ya fara yawo cewa ana tare motoci irin tamu ana ƙwacewa. Ba a rediyo ake jinsa ba, a famfo ake ji, da gidan suna. Sauran masu ɗauko kaya suka daina hawa. Yaya kuwa da ya duba, abin da ya gani shi ne kasuwa ta zama tamu mu kaɗai.

Wata safiya ya tsaya a gabanmu, hannu a baya, ya ce, "Lokacin da kowa ya ja da baya, lokacin ne ake sanin kamfani. Sati mai zuwa za mu hau dutse, dukanmu, har sakatariya, masu garka su ga fuskokinmu su san ba mu gudu ba. Akwai matsala?"

Ba'adare ya ce, "Babu matsala, Patron."

Direba ya ce daga cikin rawani, "Babu matsala."

Ido ya zo kaina. Ni ba jaruma ba ce, ƙadangare ma in ya faɗo daga soro sai na saki abin da ke hannuna. Tsoron ne ya yi mini yawa har ya fito da kansa.

"Patron, ni dai ina jin tsoro. An ce ana ƙwace motoci a hanyar."

"Wa ya ce?"

"Mata, a famfo."

"Mata a famfo." Ya maimaita a hankali, ya juya ga sauran. "Kun ji inda kamfaninmu yake samo rahoto."

Ba'adare ya yi dariya. "Ke ɗiyar ga, in a famfo aka samun labari, mi za a yi da rediyo?"

Yaya bai yi mini faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Cikin fara'a ya ɗauko bokiti da soso ya miƙo mini, kamar mai ba ni tukwici. Na wanke motar nan a bakin titi, cikin shuɗiyar rigata, matan da muke haɗuwa da su a famfon suna wucewa suna yi mini sannu da aiki. Direba yana gefe yana dafa shayi, idonsa a ƙasa. Ba'adare ya leƙo ya ce, "Ki cuɗa taya da kyau, tsoro can yake maƙalewa."

Daga ranar babu wanda ya ƙara cewa uffan game da tafiyar.

Da na faɗa wa mahaifiyata ta ce ba inda za ni. Yaya ya zo da kansa, ya durƙusa, ya ce, "Haba Inna, da akwai haɗari zan ɗauki ƙanwata in sa a mota?" Ta daɗe tana kallon fuskarsa. Ita ta raine shi, ta san ƙaryarsa tun yana satar ƙosai, amma ranar ba ta ga komai ba, horon Bature ya yi aiki. Ga shi kuma ɗan albashin da yake ba ni shi ke riƙe da tukunyar gidanmu. Ta ce to, tunda shi namiji ne ya bincika, Allah ya kiyaye. Amma da safen tafiya ta kira ni ɗaki, ta cire mini ƴan kunne, ta ɗaura mini ƙullin garin gero da dabino a ƙugu, ƙarƙashin zane, ta ce in ajiye takalmin buro, wato na ofis, in sa na roba.

Na ce, "Inna, a mota fa za mu."

Ta ce, "Na sani. Sa dai."

Mun fita da sassafe. A shingen ƙarshe na bakin gari wani soja ya tambayi inda za mu, da aka gaya masa ya leƙo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kun tabbata?" Yaya ya ce, "Babu matsala, shef." Sojan ya ɗaga kafaɗa ya ɗage sanda.

Direba na tuƙi, Yaya a tsakiya, ni a bakin taga, Ba'adare a baya cikin kwanduna. Tun da muka bar kwalta Yaya bai rufe baki ba. Da baki ya buɗe mana reshen kamfani a Agadas, ya buɗe a Tawa, kafin hantsi har mun kai Yamai da motoci masu sanyi. Ni dai ina kallon duwatsu, baƙaƙe kamar an ƙona su, kowanne ina ganin kamar zai motsa.

Rana ta kusa tsaka muka gangara wani kwari mai rairayi, inda dole mota ta rage gudu. Nan suka fito. Fuskoki a rufe, bindigogi a hannu. Har yau ban san ko ƴan tawaye ne ko waɗanda suka ari sunan tawaye ba, ban kuma tambaye su ba. Ba su yi ihu ba, ba su harba ba. Ɗaya ya zagayo ta wajena, ya sa bakin bindiga ya ƙwanƙwasa gilashin da ke jikin kunnena, a hankali, kamar baƙo mai ladabi a ƙofar gida. Wannan ƙarar ce ta bi ni har yau.

Aka ce mu sauko. Ni ina saukowa na zube a rairayi. Na nemi addu'a, duk abin da na haddace a makarantar allo ya gudu, babu abin da ya zo bakina sai addu'ar cin abinci. Ita na yi ta maimaitawa.

Yaya kuwa ya sauko, ya gyara shuɗiyar rigarsa, ya miƙa wa babbansu hannu, ya gabatar da kansa da Faransanci a matsayin babban darakta. Mutumin ya kalli hannun bai karɓa ba. Sai Yaya ya ce masa, wallahi da kunnena na ji, "Babu matsala, za mu zauna mu fahimci juna." Mutumin ya ɗora masa bakin bindiga daidai aljihun ƙirjin nan da aka ɗinka mana, ya ce da Hausa, "Makulli." Yaya ya yi shiru. Tun da aka kafa kamfani ban taɓa jin ya yi shiru ba sai lokacin.

Direba ya yi musu ƴar magana da Tamajak, harshen Abzinawa, suka bar shi ya sauke salkarsa ta ruwa da jakarsa. Ba su doki kowa ba. Suka hau, suka juya kan motar, suka tafi da ita har da kwandunanmu. Muka tsaya muna sauraron ƙararta tana ƙanƙancewa har ta ɓace. Kamfani ya tafi ke nan, tas da shi, a wanke.

Akwai wata aduwa a bakin kwarin, muka ja jiki muka zauna a inuwarta. Can direba ya kwance jakarsa. Ya fito da butar shayi da gawayi da sukari, wannan ba abin mamaki ba ne, ko kabari za shi da su zai tafi. Amma sai ya fito da sabon takalmin taya, fil, na tafiyar ƙasa. Sannan na lura salkar da ya sauke ta fi ƙarfin mutumin da ke tafiya a mota.

Ba'adare ya ce zafi, ya tuɓe shuɗiyar riga. A ƙarƙashinta wata tsohuwar taguwa ce yagaggiya, wadda ko ɓarawo zai tausaya wa mai ita. Agogon da yake cika mana baki da shi babu a hannunsa. Ya laluba mazugin wandonsa ya kwanto ƙullin kilishi da ƙuli-ƙuli.

Ni ma na juya baya na kwance garin gerona da dabino na ajiye a tsakiya.

Muka dubi Yaya. Ya sunkuyar da kai, ya ɓalle maɓallan rigarsa don ya sha iska, sai ga layu jere a cikin rigar, an ɗinke su sahu-sahu kamar na maharbi. A ƙafarsa ba baƙin takalminsa mai ƙyalli ba ne, na ƙwallo ne. Ya sa hannu cikin safa ya zaro wani ɗan madubi da usur.

Na ce, "Yaya, madubin na mene ne?"

Bai gyara mini sunan ba. Ya ce, "Na haska wa mutane ne daga nesa. In an rasa mota."

"Yaushe ka saya?"

Ya ce, "Ranar da kika wanke ta."

Ba'adare ya gyara zama ya ce, "Ni hwa tun kwanaki na ji a kasuwa an amshe ta wani Alhaji, nan wajen ga."

Yaya ya ɗago. "Ka ji? Me ya hana ka faɗa?"

"Patron, ni da gemuna, surukina na bin titin nan zuwa masallaci, in kama soso? Wancan karon na tumatir har yau ana yi mini ba'a."

Yaya ya juya ga direba. "Kai ma, Baba?"

Dattijon yana hura gawayi, ya ce cikin Hausarsa, "Ni na sani. Amma mai mota ya ce a tafi. Yarinya ya faɗi, an ba shi bokiti."

Sai Yaya ya kama kansa da hannu biyu ya ce, "Ni fa da na ga ku biyu kun ce babu matsala, ku da kuka fi ni sanin hanya da kasuwa, sai na ce to ni kaɗai ne matsoraci. Kwana da kwanaki ban runtsa ba. Jira nake wani ya hana ni."

Na ce, "Ai na hana ka."

"Ke ƙanwata ce. In na fasa saboda ke, da wane ido za su ƙara kallona?"

Jama'a, ban taɓa jin takaici irin na lokacin ba, har ya so ya danne tsoron. Mu huɗu, kowa ya koma gida ya yi shirin a ƙwace motar, mai takalmi ya sayi takalmi, mai agogo ya ɓoye agogo, mai laya ya je wurin malam. Duk wannan ɗawainiyar ta fi mana sauƙi a kan a tsaya a gareji a ce kada a tafi.

Na miƙe, na tsaya kamar yadda muke tsayawa a taron safe. Na ce, "Patron, ina da magana."

Ya ɗago kai.

"Ina jin tsoro. Kawo motar in wanke."

Direba ne ya fara. Ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ranar na ga haƙoransa, ba su da yawa. Ba'adare ya kwanta a rairayi yana riƙe ciki. Ni ma na soma da dariya, sai ta juye ta zama kuka, na kasa tsayar da shi, har dattijon ya miƙo mini kofin shayi na farko, wanda a ƙa'ida na Patron ne.

Da rana ta yi sanyi muka kama sawun tayarmu muka juyo. Ba zan ja ku da labarin tafiyar ba, ƙafafuna dai sun yi ruwa duk da takalmin Inna. Madubin Yaya bai haska wa kowa ba, fuskokinmu kawai ya nuna mana. Kashegari muka faɗa kan wasu makiyaya da fari ya cinye musu dabbobi saura ƴan awaki, suka ba mu inuwa, suka nuna mana inda wani kamiyo, wato babbar mota, mai ɗauko itace ke bi. A bisa itacen nan muka shigo Arlit, cikin shuɗɗan riguna.

Mahaifiyata ba ta yi kuka ba. Ta shafa fuskata, ta shafa hannuwana kamar mai duba ko an rage wani abu, sannan ta dubi Yaya da ke durƙushe a bakin ƙofa ta ce, "Patron, sannu da zuwa." Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

Mota dai ba a sake jin ɗuriyarta ba. Kamfanin bai mutu gaba ɗaya ba, ya dai koma ɗan mitsitsi, muna hayar gurbi a manyan motocin da ke bin rakiyar soja daga Agadas. Kada ku ce Yaya ya daina kafa doka. Mutumin nan ba ya iya rayuwa babu doka. Sabuwar ita ce kowace safiya dole kowa ya kawo abu ɗaya da yake tsoro, wanda bai kawo ba shi zai share gareji. Sai ga Ba'adare yana ƙirƙiro tsoro kullum don gudun tsintsiya, yau ɓera, gobe surukarsa. Amma a cikin shirmen akan sami na gaske, kuma in an faɗa ana tsayawa a saurara. Wannan kam ban hana masa ba.

Abin da na tsinta a ciki, ga masu shirin kafa wani abu su ɗauki mutane aiki, ɗan kaɗan ne. Yaya ya yi gaskiya a kan tukunya, kuskurensa bai san abin da ya zuba a ciki ba. Shi yana ganin ƙarfin zuciya yake dafawa. Mu kuwa abin da muka gani da idonmu shi ne bokiti. Mutanenka ba jawabinka suke saurare ba, kallo suke su ga me za ka yi wa wanda ya fara gaya maka abin da ba ka so. Da sun gani sau ɗaya shi ke nan, za su yi ta ce maka lafiya lau suna sayen takalmin gudu.

An yi sulhu tuni, hanya ta buɗe, amma ni jikina bai ji labari ba. Ko yaro ne ya ƙwanƙwasa gilashin taga sai abin da ke hannuna ya faɗi, in ji rairayi a gwiwoyina. Yaya kuma yanzu har gayyatarsa ake ya yi wa matasa masu fara sana'a jawabi. Na taɓa zama a baya na ji shi. Ya ce, "Wata ma'aikaciyata ta taɓa jan hankalina, daga nan na koyi sauraro." Aka yi masa tafi. Bokiti bai shigo cikin jawabin ba.

Bara ya sake sayen mota. Ya kawo ta ƙofar gidanmu yana danna oda, ya ce in fito in sa albarka, ya zaga da ni gari. Na leƙo na gan ta, na koma ciki, na ɗauko bokiti da soso na ajiye a gaban takalminsa mai ƙyalli.

Ya ce, "Na mene ne?"

Na ce, "Akwai wanda ya yi kwana da kwanaki bai runtsa ba don tsoro. Har yau bai wanke tasa ba."

Ya dube ni, ya dubi Inna da ke tsaye a zaure. Inna ta ɗauke kai tana gyara ɗankwali. Sai ya naɗe hannun riga ya durƙusa a bakin titi, matan famfo suna wucewa suna yi masa sannu da aiki.

Na jawo kujera na zauna. Na ce, "Yaya, ka cuɗa taya da kyau."

Ya cuɗa. Motar ta yi fes. Ban dai shiga ba, kuma har yau ban shiga ba.